Kofi Huɗu a Mashayar Tudu

Noel Tierney ne sunansa a takarda, amma a Dunmorrin in ka ce Noel sai an tsaya tunani. Dokta kowa ke ce masa, har limamin coci. Bai taɓa duba ko kaza mai mura ba. Zartuna yake dubawa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a ɗakin sama na injin katako, yana wasa haƙoran manyan zartunan da ke tsaga gumagumai, yana miƙar da wanda ya karkace da guduma. A sana'ar, likitan zarto ake ce wa mai wannan aiki, daga nan sunan ya bi shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar inji, shi ya sa in kana masa magana yake juyo maka da gefe guda kamar mai fushi da kai. Yawanci ba fushin yake ba. Taurin kai dai da aka zo rabo ya kwashe nasa da na maƙwabta.

Garin namu titi ɗaya ne da ya gangaro daga tudu zuwa kogi, da mashaya biyu, ɗaya a kowane kai. Ta Tudu ta masu gonaki ce da manajoji. Ta Gangare, dab da ƙofar inji, ta ma'aikata ce. Sauran mutane sukan ɗan tsallaka in akwai biki ko rasuwa, amma ban da gidan su Tierney. A wani dogon yajin aiki, tun Noel yana firamare, mai Mashayar Tudu na lokacin ya sauki mutanen da kamfani ya kwaso daga birni su karya yajin, ya ba su ɗaki da abinci har sati goma sha ɗaya. Mahaifin Noel ya rantse ba zai sake taka dokin ƙofar nan ba, kuma ya mutu bai taka ba. Mashayar ta canja hannu sau biyar tun daga nan, wancan mutumin ma ba mai tuna kamanninsa, amma Dokta ya riƙe rantsuwar da ba shi ya yi ba har ya kai shekara saba'in da uku.

Su huɗu ne a Gangare. Shi, da Wal Drummond, direban babbar motar gumagumai, dogo mai tsadar magana. Da Stav Mihalis, ɗan gidan Girkawa mai bakin tsiya, wanda ke kan zarton farko. Da Ray Kettle mai jera katako a fili, mutumin kirki amma matsoracin rigima. Kowace Juma'a in an busa tashi, da kowace Lahadi da sha biyun rana kafin a kira abinci, suna tsaye a jikin kanta, dogon teburin da ake zuba giya, a ƙuryarsa ta wajen taga, suna shan zagaye. Ɗaya ya ce zagayensa ne, a zuba huɗu, in an shanye na kusa da shi ya ce nasa ne, har a zago. Wanda ya ɗaga kofin da ka saya ya yarda yana tare da kai ke nan. Kana iya zagin mutum, ka zagi ƙungiyar ƙwallonsa da karensa, amma ba ka barin kofinsa a tsaye. Wata shekara Wal da Dokta sun yi wata huɗu ba sa ga-maciji a kan wata tirela da aka ara aka dawo da ita da fasasshiyar taya. Duk wata huɗun nan suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, wannan na shan giyar wancan, Ray na kai saƙo tsakani.

In an kira abinci sai su wuce ɗakin cin abinci, inda mata da yara suka haɗa tebura uku wuri guda. Gasasshen rago ne da dankali da kabewa, da romon da Maureen matar Dokta ke yi, don ita ce mai girkin Gangare na Lahadi. Siyasa a kanta ake barinta, ba a kawo ta tebur. Da Maureen ta rasu, shekara shida ke nan, ba wanda ya yi wa Dokta doguwar ta'aziyya a cikin ukun. Lahadin da ta biyo baya Wal ya je har gida ya tarar da shi zaune da rigar barci, ya ce, “Sa takalminka, zagayenka ne, ka tsayar da mutane.” Abin da ya tashe shi ke nan.

Ɗaya gadon da ya ci daga mahaifinsa shi ne ƙofar makarantar firamare ranar zaɓe. Duk Asabar ɗin da ƙasa ta fito jefa ƙuri'a, kuma a nan kowa sai ya fito ko a ci shi tara, Dokta na jikin ginshiƙin hagu da jar rigar jam'iyyarsa, yana miƙa 'yan takardun nan da ke nuna wa mai zaɓe inda zai sa ɗaya, inda zai sa biyu, har ƙasa. Daga takwas na safe zuwa shida na yamma, ko ruwa ko sanyi. Ya yi abin har hannunsa ya daina jiran izinin idonsa. Da ya ji taku, takarda ta miƙe. Maureen takan ce ko gawa aka zo wucewa da ita sai ya miƙa mata.

Sai gwamnatin da ya yi wa wannan tsayuwa ta hana sarar daji. An ce za a yi abin a hankali cikin shekaru, sai aka tashi aka yi shi cikin watanni. Injin ya tsaya da mutum ɗari da goma a cikinsa, a garin da bai kai mutum dubu ba. Su Dokta sun riga sun yi ritaya, 'ya'yansu abin ya faɗa wa. Wasu suka tafi ma'adinai can yamma, wasu suka karɓi kwas ɗin koyon haɗa kofi da aka zo da shi daga birni, suka dawo gida suka zauna. Dean, ɗan Wal guda ɗaya, yana da motar gumagumai tasa ta kansa, ba abin da za ta ɗauka. Wata bakwai bayan rufe inji matarsa Tanya ta tarar da shi da safe a rumfar motar. A jarida an rubuta ya rasu ba zato, kowa kuma ya san abin da ake nufi, kansa ya kashe. Dokta ne ya riƙe Dean ranar baftisma, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa.

Bayan jana'iza zagaye bai tsaya ba. Wal na ɗaga kofin da Dokta ya saya ya sha, ko da yake ba ya kallonsa. Haka aka yi ta yi har mai Gangare ya gaji da zuba wa tsofaffi huɗu da kujeru wofi, ya rufe ya koma bakin teku. Ukun suka hau tudu, don ba wani wurin. Dokta ya zauna gida. Wata biyar yana gaya wa kansa gini ne kawai ya raba su, ran da aka sake buɗe Gangare za su koma kamar da. Kewarsu yake ji har ƙashinsa, amma ko a gaban madubi ba zai faɗa ba. Duk Juma'a da yamma sai ka gan shi a bayan gida yana wasa wuƙaƙen maƙwabta da almakashinsu, ko ba su dakushe ba.

Labarin gari kuwa ta kan shinge yake samunsa. Maƙwabciyarsa Dot Fennessy, wadda ta yi shekaru a gidan waya ta kuma fito da halin wurin, ba ta rabuwa da zauren hirar garin na cikin waya. Ranar Laraba kafin zaɓen ƙasa ta leƙo yana cire ciyawa.

“Dokta, matso da kunnenka mai kyau. An sake tayar da maganar kazar nan.”

“Wace kaza?”

“Ta Tudu mana, soyayya mai cuku. Cheryl ta kantin magani ta ce an ɗora mata kazar a kan dankali, kafin ta kai rabi dankalin ya jiƙe ya zama fate. Wasu sun ce a gefe ake sa ta, wasu sun ce farantin ne ƙarami. Mutum sittin da uku sun sa baki.”

“Mutum sittin da uku ba su da aikin yi.”

“Ai kuwa ba su da shi. Ka manta?”

Ya ci gaba da cirar ciyawarsa. Dot ta ja allon wayar da yatsa.

“Wani ya ce romon 'yarka da ke girki a Tudu ya fi na Gangare.”

“Na uwarta ne. A Gangare ta koya.”

“Wata kuma ta ce in ba za a hana yara gudu tsakanin tebura ba ita ta daina zuwa. An ce mata ta sauka lafiya. Ga kuma wannan. Wai wane ne zai yi ƙarfin halin tsayawa da jar riga ranar Asabar. An sa masa fuskar dariya goma sha ɗaya.”

“Wa ya rubuta?”

“Ba zan faɗa ba, ni ba na kai gulma. Ɗan Stav ne, babban.”

Washegari 'yarsa Bronwyn ta zo da kwanon abinci. Tun da Gangare ta rufe ita ce babbar mai girki a Tudu, mijinta na can ma'adinai, sati biyu can sati ɗaya gida, ita ke fama da tagwayen 'yan matansu. Ran da ta karɓi aikin sati uku uban bai yi mata magana ba, ya dai ci abincin da take aikowa. Ta ajiye kwanon ta tsaya da jakarta a kafaɗa.

“Baba, abu biyu na zo roƙo. Kar ka tsaya ranar Asabar. Ka kuma zo cin abinci ranar Lahadi, 'yan matan sun dame ni da tambaya.”

“Na biyun kin san amsarsa tun kina goye.”

“To na farkon fa?”

“In ban tsaya ba wani ɗan jami'a za su turo daga birni, wanda bai san zarto da tsintsiya ba.”

“Su turo mana. Shi in an tofa masa yawu ya hau mota ya tafi. Kai nan za ka kwana.”

“Bron, kina tsammanin ni ban ji haushi ba? Wasiƙa tara na rubuta musu. Sun amsa mini da takarda ɗaya sau tara, ko sunana ba su rubuta daidai ba. Amma lokacin da zarto ya cinye wa kakanki yatsu uku, aka kore shi ba ko sannu, su waye suka tsaya? Gidan nan da kika tashi a ciki, da asibitin da uwarki ta kwanta ba a tambaye mu komai ba, masu gonaki ne suka ba mu? Jam'iyyar tawa ce kafin ta zama tasu. Ba zan bar musu ƙofar ba.”

“Wal ba wasiƙa ya binne ba, Baba.”

Ta jira, ta ga ya ɗauki magagari yana duba haƙoransa, ta san an gama magana. Gaskiyar da bai faɗa mata ba ita ce bai san abin da zai yi da kansa ranar zaɓe ba in ba tsayuwar nan ba.

Asabar ta zo da hazon kogi da sanyin watan Mayu, lokacin da hunturu ke shigowa a nan. Ƙarfe bakwai da rabi yana jikin ginshiƙin hagu, jar riga a kan suwaita biyu. A da masu raba takardun jam'iyyu daban-daban sukan yi ta tsokanar juna, a sha shayi daga fulas ɗaya, in fitsari ya matsi wani abokin hamayyarsa ya riƙe masa takardu. Ranar nan sun bar masa fili mai faɗi. Masu zaɓe, mutanen da ya wasa wa wuƙaƙe satin da ya wuce, suna zuwa sai su kama kallon wayarsu har su wuce shi. A cikin harabar makaranta 'yan sa-kai na kashe gobara suna gasa soseji suna sa wa a burodi, Stav ne riƙe da abin juyawa.

“Stav, sa mini ɗaya da albasa,” in ji Dokta ta kan shinge.

“Sun ƙare,” in ji Stav, ya juya guda ashirin da ke kan wuta.

Wajen sha ɗaya yana duƙe yana gyara ɗaurin takardun da iska ke son watsawa, ya ji taku. Hannun ya tafi.

“Takarda, abo...”

Ya ɗago. Tanya ce, matar Dean. Takardar na taɓa maɓallin rigarta, da hoton ɗan takara yana murmushi da dukan haƙoransa. Wal na bayanta, ya ɗora hannu a kafaɗarta. Da ta ture hannun Dokta, ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Yarinyar mai tarbiyya ce. Ta karɓa, ta ce, “Na gode, Dokta,” a hankali, ta shiga da ita a hannu kamar an ba ta riƙon wani abu mai zafi. Wal ya tsaya ya kalli hannun da har yanzu yake miƙe, ya kalli rigar, ya bi ta ciki. Da suka gama ta ƙofar baya suka fita.

Dokta ya tsaya har shida, don bai san yadda ake tafiya kafin shida ba. Yana isa gida Dot na jiransa a shinge, wannan karon ba ta ko murmushi. Wani ya ɗauki hoton daga cikin mota ya sa a zauren hirar waya. Ta ce ba za ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa ba, kuma abin mamaki ba ta karanta ɗin ba.

Ranar Lahadi ya yi aski, ya sa farar rigar da ya je jana'izar Dean da ita, ya kama hanyar tudu da ƙafa. Ya san ba zai iya ba Wal haƙuri da baki ba, su ba haka suke yi ba. Hanya ɗaya ya sani ta cewa na yi kuskure, kuma a kan kanta ake yin ta. Ya yi lissafin cewa in suka ga ya karya rantsuwar ubansa saboda su, za su gane girman abin. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi dokin ƙofar da aka yi shekara sittin da wani abu ana gudu. Siminti ne da tabarmar roba. Ya taka, ba abin da ya faru, sai kunyar mahaifinsa ta kama shi, da haushin cewa abin bai ma fi haka ba.

Ɗakin cin abinci a hannun dama ya cika da iyalai, ana jin ƙarar cokula da kukan jariri. Ta tagar kicin Bronwyn ta hango shi, ludayi ya tsaya a hannunta. Ya yi hagu. A kan bango talabijin na nuna taswirar ƙasa, jam'iyyarsa ta ci. A akwatin Dunmorrin kuwa ƙuri'a talatin da takwas ta samu cikin ɗari shida da 'yan kai, a garin da a da ake cewa ko kare aka sa wa jar riga zai ci. Ukun na ƙuryar kanta ta wajen taga. Ko a nan ma ƙuryar suka zaɓa. Kofunansu sun kusa ƙasa.

Hirar ɗakin ta mutu. Dokta ya je ya tsaya a gefen Ray, inda ya saba, ya juyo da kunnensa mai kyau wajensu.

“Zagayena ne,” ya ce wa mai zuba giya, wata Leanne da ta yi aji ɗaya da Bronwyn. “Huɗu.”

Leanne ta kalli Wal, Wal na kallon talabijin. Ba aikinta ba ne ta hana mutum saye. Ta zuba huɗu, ta jera kowanne a gaban mai shi, kumfa na gangarowa ta gefe. Dokta ya ɗaga nasa ya kurɓa ya ajiye.

“Ni dai a gefe,” in ji Stav, yana magana da Ray. “Kaza a gefe, dankali a gefe. Wanda ya ɗora ta a kai bai san darajar dankali ba.”

“To ai romon ke shiga ciki,” in ji Ray.

“Romo daban, jiƙewa daban. Kai tun da haƙoranka suka zube komai fate kake so.”

“Farantin ne ƙarami.”

“Farantin lafiyarsa ƙalau. Wal, kai me ka ce?”

“A gefe,” in ji Wal.

Suka ci gaba da maganar kaza, da tsadar rago, da sabon lilon yara da aka kafa a bayan mashayar, wai ya yi kusa da inda ake shan taba. Kumfar kofuna ukun na ta sauka. Dokta ya ga hannun Ray ya taso daga kan kanta ya nufi kofin, shekara arba'in na sabo, har yatsunsa sun taɓa raɓar jikinsa. Ray ya saci kallon Wal, ya mayar da hannun ya sosa kunne da shi.

Wal ya shanye ragowar tsohon kofinsa ya ajiye.

“Leanne, zagayena ne. Uku.”

Ta zuba uku. Da yake kanta ba faɗi gare ta ba, sai da ta ɗan tura na Dokta gefe kafin ta samu wurin ajiye sababbin.

“Wal,” in ji Dokta. Muryar ta fito da ƙarfi, irin ta mai ciwon kunne, duk ɗakin ya ji. “Ban ga Tanya ce ba. Hannun ne ya tafi da kansa.”

Wal ya juyo, karo na farko tun jana'iza ya kalle shi ido cikin ido. Fuskarsa ba fushi a ciki, gajiya ce kawai.

“Na sani, Noel. Na san hannun nan. Ban riƙe ka da hannun ba. Jar rigar da kanka ka sa ta. Ka tashi da safe, ka buɗe durowa, ka ɗauko ta ka sa.”

“Na shigo nan saboda ku. Kun san abin da wannan yake a wurina.”

“Mun sani,” in ji Wal. “Da wata biyar da suka wuce ka shigo, da ka tarar da kofinka.”

Ya koma ga talabijin. Suka sha na Wal, Stav ya yi nasa zagayen, Ray ya yi nasa, da sauri kamar ana korarsa. Duk wannan lokaci Dokta na tsaye da kofi ɗaya yana kurɓa kaɗan-kaɗan don kar ya ƙare, yana jin mutane a bayansa sun koma hira da ƙaramar murya. Ya taɓa ganin an doke mutum a mashaya, ya taɓa ganin an jefa wani waje ta taga. Wannan bai taɓa gani an yi wa kowa ba, kuma mutanen da suka tashe shi daga makokin matarsa ne suka yi masa.

Aka kira abinci. Ukun suka wuce ta bayansa zuwa ɗakin iyalai. Ray ne na ƙarshe, ya rage tafiya kamar zai ce wani abu, ya ce, “Sanyi ya shigo da wuri bana,” ya bi su.

Leanne ta zo da tsumma, ta goge nan ta goge can, ta kasa taɓa kofunan.

“Dokta, in kwashe?”

Bronwyn ce ta fito daga kicin da rigar aikinta, ta zaga bayan kanta, ta ɗauki kofunan ɗaya bayan ɗaya ta zubar a magudana, ta kifa su.

“Baba, na ajiye maka kujera. 'Yan matan sun gan ka, suna ta tsalle. Rago ne yau.”

Ta ƙofar da ke buɗe yana hango teburin, tagwayen na ɗaga masa hannu. Yana kuma hango tebura uku da aka haɗa wuri guda kusa da shi, Tanya na yanka wa ɗiyarta nama. Ba yadda za a yi ya kai ga jikokinsa bai ratsa ta bayan kujerar Wal ba. Ya ji idonsa na cikowa, abin da bai yarda wani ya gani ba ko ran da aka binne Maureen.

“Ina zuwa,” ya ce. “Bari in wanke fuska.”

Ya juya hagu, ya tarar da ƙofar ɗakin ajiya. Ya juya dama, wata ƙofa ce mai kaiwa matakalar bene. Mutum goma sha wani abu na kallonsa, kowannensu ya san hanyar da ido a rufe, ba wanda ya nuna. Ya dawo wajen kanta ya sunkuyo kusa da 'yarsa, ya yi ƙoƙarin rage murya, ba ta ragu ba.

“Bron, ta ina ake bi zuwa ban-ɗaki a nan?”